In Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan An Sauya Mata Furosesa

A cikin hunturun da ya wuce, wata ranar Asabar bayan sallar la'asar, wani yaro ɗan maƙwabcina, wanda yake karatun zanen gine-gine, ya yi sallama a zaurena yana rungume da akwatin kwamfutarsa kamar mai ɗauke da majinyaci, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Baba, an cuce ni, an sayar mini da mataccen furosesa." Labarinsa kuwa shi ne, ya yi watanni yana tara kuɗi don ya fitar da Ryzen 3 2200G da yake cikin injin tun 2018 ya sa Ryzen 5 5600 a madadinsa, domin manhajojin zane sun fi ƙarfin tsohon, ga shi kuma kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 ba ta lissafa wannan tsoho cikin waɗanda ta yarda da su ba. Ya sa sabon, ya danna maɓalli, fankoki suka juya, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin, ko harafi ɗaya bai fito ba.

Na zaunar da shi, na tambaye shi abu guda kafin in taɓa sukuddireba: "Tsohon yana ina?" Ya ce yana cikin kwalin sabon, ran Litinin yake niyyar kai shi kasuwa. Na ce, "Alhamdu lillahi, ɗana, da ka riga ka sayar da shi da wuninmu ya yi tsawo." Dalili kuwa, a iyakar abin da na gani cikin wannan sana'a, furosesa yana cikin kayan da suka fi wuyar mutuwa a jikin kwamfuta, amma shi ake fara tuhuma don kawai shi ne baƙo, alƙali mai adalci kuwa ba ya yanke wa baƙo hukunci sai ya saurari mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, tsohon furosesa kuma shi ne babban shaida a wannan shari'a, tun da yake da shi ne ake tabbatar da cewa sauran kayan suna nan ƙalau.

Wajibi ne ga mai neman gane illa ya fara sanin tartibin da kwamfuta take bi idan za ta tashi, gama ba ta tsallake mataki, kuma inda ta tsaya nan ciwon yake. Da an danna maɓalli, akwatin wuta, wanda masu gyara suke kira fawa fak, yakan saki wuta ya ba da alamar cewa ta daidaita. Sa'an nan furosesa ya farka ya karanta umarninsa na farko daga wani ɗan ƙanƙanen guntu da yake manne a jikin madabod, wanda a cikinsa aka rubuta BIOS. Shi kuma BIOS ya tantance ko wane ne wannan furosesa, ya gwada ram, ya nemi abin da zai fitar da hoto, daga bisani ya nemo faifan da Windows take ciki ya miƙa mata ragama. Saboda haka ne madabod da yawa suke da 'yan fitilu huɗu a jere, an rubuta musu CPU, DRAM, VGA da BOOT, suna kamawa suna mutuwa bi da bi, wadda ta tsaya a kunne kuwa ita take nuna ƙofar da aka kasa wucewa. Wanda nasa ba shi da fitilu sai ya soka masa 'yar ƙaramar lasifikar madabod, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba: ƙara ɗaya gajeriya a yawancin injuna tana nufin lafiya lau, sauran kuwa sai a duba littafin madabod, domin kowane kamfani da irin yarensa.

Kafin a sa hannu a ciki, a zare waya daga bango, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta tsiyaye, a taɓa ƙarfen akwatin, a kuma riƙa maimaita taɓawar. Duk wanda ya taɓa tuɓe rigar sanyi cikin duhu da hunturu, ya ji ƙas-ƙas ya ga tartsatsi, ya san wutar da jiki yake tarawa idan iska ta bushe, ita kuwa wannan wuta, da ba ta yi wa mutum kome, tana iya kashe guntun lantarki ba ta bar tabo ba.

Idan injin ya yi tsit gaba ɗaya, ba fanka ba fitila, to, mas'alar ba ta cancanci dogon bayani ba: a duba makunnin da yake bayan fawa fak, da babbar waya mai baki 24, da siraran wayoyin maɓallin gaba, waɗanda hannu yakan tuge ba a sani ba. Wadda aka fi mantawa ita ce waya mai baki 8 da take shiga can saman madabod, domin mutane sukan zare ta don su sami wurin juya hannu, su rufe akwati ba su mayar ba. In babu ita fankoki suna iya juyawa alhali furosesa yana zaune da yunwa. Kada a rikita ta da ta katin hoto, ta furosesa tana rabuwa huɗu da huɗu, ta kati shida da biyu.

Injin yaron nan fitilar CPU ce ta tsaya, wayoyinsa kuma duk suna wurinsu, saboda haka muka zo kan babin da ya fi kowanne kama mutane. Gurbin da furosesa yake zama a wannan madabod, watau soket, sunansa AM4, kamfanin AMD ya fito da shi a 2016, ya ci gaba da ƙera masa furosesa mai ƙafafu 1331 shekara da shekaru: Ryzen na farko a 2017, jerin 3000 a watan Yuli na 2019, jerin 5000 a watan Nuwamba na 2020, shi kuwa 5600 ɗin yaron sai a 2022 ya shigo kasuwa. Dukansu suna zama a gurbi ɗaya daram. Amma madabod ɗin da aka ƙera a 2018, aka rubuta masa BIOS a 2018, ta yaya zai san sunan wanda ba a haifa ba sai bayan shekara huɗu? Idan ya tarar da wanda ba ya cikin littafinsa, ba shi da umarnin da zai tashe shi da shi, sai ya yi shiru, shirun nan kuwa ga wanda bai sani ba daidai yake da shirun mutuwa.

Hujjar da ake dogara da ita a nan guda ɗaya ce, ita ce jerin da kamfanin madabod ya wallafa a shafinsa na intanet, inda ya rubuta kowane furosesa tare da lambar BIOS da ake bukata kafin ya yi aiki. A karanta cikakken sunan madabod daga jikinsa, harafi bi harafi, har da 'yar lambar bugu da akan rubuta a kusurwa, domin akwai masu suna kusan ɗaya da BIOS ɗinsu ya sha bamban. In furosesan yana cikin jerin, magani ya samu. In ba ya ciki, haƙuri ya zama dole, kuma masu Intel sun fi kowa sanin wannan ɗaci: soket ɗin LGA1151 ya ɗauki tsara ta 6 da ta 7 a kan madabod na jerin 100 da 200, sa'an nan a 2017 aka fito da tsara ta 8 a kan soket mai wannan suna da wannan adadin ƙafafu, amma ba ta aiki sai a jerin 300, kama da wane ba ta wane, kuma babu BIOS na kamfani da zai ɗaura wannan aure. Injunan ofis na Dell da HP da Lenovo, waɗanda suke zuwa mana na hannu da yawa, su ma ba kowane baƙo suke karɓa ba, ƙananan cikinsu masu girman littafi galibi an yi su ne don furosesa mai harafin T, mai cin wat 35.

Muka mayar da tsohon, injin ya tashi nan take, abin da ya wanke madabod da ram da fawa fak daga zargi a lokaci guda. Muka danna Del yana tashi muka shiga BIOS, muka tarar da lambarsa tana nan yadda ta fito daga masana'anta, muka sauke sabo daga shafin kamfanin, muka zuba shi a filas da aka tsara bisa FAT32, sa'an nan muka yi amfani da abin sabuntawa da yake cikin BIOS ɗin kansa, wanda ASUS suke kira EZ Flash, MSI M-Flash, Gigabyte Q-Flash, ASRock kuma Instant Flash. Sharaɗi biyu ne a nan, barin ɗayansu yana ɓata aiki. Na farko, kada wuta ta yanke cikin mintunan da ake rubutu, gama guntun da aka goge aka rubuta rabinsa ba ya tashi da tsoho balle sabo. Mu da muka san halin wutarmu, bai halatta gare mu mu fara wannan aiki a kan wutar gari tsirara ba, sai da UPS mai lafiyayyen batir ko inbata, janareto kuwa sai an leƙa tankinsa. Na biyu, a karanta 'yan bayanan da kamfani ya rubuta ƙarƙashin kowace lamba, domin wasu madabod ba a tsallaka musu daga na farko zuwa na ƙarshe sai an taka na tsakiya tukuna.

Akwai kuma wani abin mamaki da ya kamata a sani don kada zuciya ta tsinke. Guntun BIOS na madabod da yawa na AM4 megabayit 16 kawai yake ɗauka, da furosesoci suka yawaita kuwa sai wuri ya ƙare, har kamfanoni suka riƙa goge sunayen tsofaffi don su rubuta na sababbi, MSI ma a 2019 ya sake fito da wasu madabod ɗinsa da guntu mai megabayit 32 ya ƙara musu MAX a suna. Wannan ƙarancin wuri shi ne uzurin da AMD ya kawo a watan Mayu na 2020, sa'ad da ya ce furosesocin da suke tafe ba za su hau madabod na B450 da X470 ba, kafin kukan jama'a ya sa ya janye maganar a cikin watan. Ma'anarsa ga mai gyara ita ce, yana yiwuwa bayan sabuntawa tsohon furosesa ya zama shi ne baƙo. In haka ta faru kada a ce aiki ya ɓaci, a kashe, a sa sabon.

Wanda ya riga ya rabu da tsohon nasa fa? Wasu madabod suna da ɗan maɓalli a baya, kusa da ramukan USB, wanda yake rubuta BIOS ba furosesa ba ram, wuta kawai yake bukata: a sauya wa fayil suna yadda kamfani ya sharɗanta, MSI.ROM a wajen MSI, GIGABYTE.bin a wajen Gigabyte, ASUS kuwa sukan haɗo wata 'yar manhaja mai sauya sunan da kanta, a soka filas a ramin da aka keɓe masa, a danna, a zuba wa fitila ido tana ƙyaftawa har ta daina don kanta. In babu maɓalli sai aro, kuma ba abin kunya ba ne, tun da AMD da kansa a 2018 ya riƙa aika wa masu saye ɗan ƙaramin furosesa A6-9500 aro, su sabunta BIOS su mayar masa. In aro ya faskara, ko wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, sai a nufi mai gyaran da yake da na'urar rubuta guntu kai tsaye, irin CH341A, a kuma tambaye shi ko yana da mahaɗin bolt 1.8, domin guntaye da yawa na AM4 a kan wannan ƙarfi suke aiki, in an ba su 3.3 ana iya ƙona su.

Da rubutu ya kammala muka tashi muka yi magariba, da muka dawo na karɓi aikin daga hannun yaron don in nuna masa ladabin sauyawa. Ba a fizgar ƙarfen sanyaya kai tsaye, domin man da yake tsakaninsa da furosesa in ya bushe yakan riƙe shi kamar danƙo ya tumɓuko shi daga soket alhali sandar kulle tana rufe. A bar injin ya ɗan yi ɗumi tukuna, a kwance notuna, a murɗa hagu da dama a hankali har ya saki. A haska ƙafafun sabon da fitilar waya ta gefe, layi bi layi, gama ƙafa ɗaya da ta karkace takan hana tashi ko ta ɓatar da rabin ram. Na AM4 suna jikin furosesa, mai haƙuri yana iya miƙe su da bakin reza, amma na Intel da na AM5, magajin AM4, suna cikin soket, sirara ƙwarai, ban ba kowa shawarar taɓa su ba sai gwani. A daidaita alamar kusurwa uku mai ruwan zinari da 'yar'uwarta ta soket, furosesa ya faɗa da nauyin kansa. A goge tsohon mai, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure notuna a gicciye kaɗan-kaɗan, a mayar da wayar fanka ramin da aka rubuta wa CPU_FAN. In ƙarfen sanyaya sabo ne, a tuna da 'yar ledar da take manne a gindinsa. Injin da yake tashi ya mutu bayan minti ɗaya ko biyu, sau da yawa ita ce sanadi.

Sa'an nan a share CMOS, watau ma'ajiyar saiti, don kada sabon ya gaji ƙa'idodin gudu da ƙarfin wuta da aka ɗora wa tsohon: wuta a zare, a cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na kamar minti biyar, ko a haɗa 'yan allurai biyu da aka tanada don haka da bakin sukuddireba. Tashin farko yakan ja lokaci, injin ya kunna ya mutu sau biyu ko uku yana gwaji, domin mai kula da ram a cikin furosesa yake, sabon shiga kuwa sai ya auna ta da kansa. A injuna masu DDR5 jiran yakan kai mintuna, mai gaggawa kuwa yakan kashe injin da hannunsa ana tsakiyar aiki ya ce ya ƙi. In fitilar DRAM ta tsaya bayan an yi haƙuri, a bar sanda ɗaya tak a rami na biyu daga furosesa, wanda galibi ake rubuta wa A2, in ta ƙi a gwada 'yar'uwarta, abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji don a san wanda ya yi magani.

Muka kunna. Fitilar CPU ta kama ta mutu, yaron ya yi kabbara; ta DRAM ta kama ta mutu; ta VGA ta kama ta tsaya, allo yana nan baƙi. Na leƙa bayan akwatin na ga wayar HDMI a soke cikin madabod, na ce, "Ina katin hotonka?" Ya ce, "Baba, ai ban taɓa sa masa kati ba, haka yake nuna hoto tun da aka saya." Nan illa ta biyu ta bayyana, wadda take laɓe a bayan ta farko. Harafin G da yake ƙarshen 2200G yana nufin akwai sashen hoto a cikin furosesan kansa, ramin HDMI na madabod kuwa hanya ce kawai da hoton yake bi. 5600 ba shi da G, saboda haka ramin ya zama busasshiyar rijiya, kuma da ya yi shawara kafin ya saya da 5600G aka nuna masa. A wajen Intel al'amarin a juye yake, yawancin nasu suna da hoto, wanda aka sa wa F ne ba shi da shi. Na buɗe durowa na ɗauko wani tsohon kati na ara masa, muka mayar da wayar jikin katin, sai ga tambarin kamfani.

Amma kafin Windows ta zo sai wani rubutu ya cika allo, yana cewa an ga sabon furosesa, bayanan fTPM sun sauya, a danna Y ko N. Na riƙe hannun yaron, domin na ga yatsansa ya nufi Y. Ita fTPM ma'ajiya ce ta mabuɗan sirri da take ɗaure da furosesa, kuma idan an kulle faifai da BitLocker mabuɗinsa a jikinta yake rataye. Danna Y yana share tsohon bayani a fara sabo, wanda faifansa yake kulle kuwa ba zai ƙara ganin fayilolinsa ba sai ya kawo mabuɗin ceto mai lamba 48, wanda galibi yake ajiye a asusunsa na Microsoft, N kuma tana barin bayanin yadda yake don mai son mayar da tsohon furosesa ya shirya tukuna. Saboda haka mustahabbi ne, kai, kusan wajibi, a dakatar da BitLocker a kuma kwafe lambobin nan a takarda tun kafin a taɓa BIOS. Faifan yaron ba a kulle yake ba, muka danna Y, abin da akan rasa a irin wannan hali kuwa bai wuce lambar PIN ta shiga Windows ba.

Saura ƙofa ta huɗu, wadda a bakinta ne masu gyara marasa haƙuri suke cewa a yi fomatin, su hallaka aikin shekaru a banza. Share CMOS da sabunta BIOS suna mayar da kowane saiti asalinsa, saboda haka idan injin ya ce bai ga faifai ba, ko ya yi ta komawa cikin BIOS, a duba jerin abin da yake fara nema, sa'an nan a duba saitin BIOS mai suna CSM, domin Windows da aka sa bisa tsohon tsarin MBR ba ta bayyana sai an kunna shi. In kuwa shuɗin allo ya fito da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, to, galibi yanayin SATA ne ya sauya tsakanin AHCI da RAID, a mayar da shi yadda yake a da. Shi ya sa nake ɗaukar hoton shafukan BIOS da waya kafin in taɓa kome. Na yaron CSM ne. Muka kunna shi Windows ta tashi, muka sa mata sabon direban cifset na AMD, na kuma gaya masa kafin ya hau Windows 11 sai an juya faifan zuwa GPT, aikin wata rana.

Ba a tabbatar wa furosesa da laifi sai idan yana cikin jerin kamfani, BIOS ya kai lambar da aka sharɗanta, an share CMOS, ƙafafu suna miƙe, sa'an nan aka kai shi wani madabod da aka san lafiyarsa can ma ya ƙi. Da waɗannan hujjoji ake komawa wurin mai kaya, wanda kuma zai sayi na hannu ya kyautu ya ƙulla sharaɗin mayarwa tun a wurin ciniki, irin wanda malaman fikihu suka yi bayani a babin hiyari, ya ɗauki hoton lambar murfin da na ƙafafun a gaban mai sayarwa, don kada gardama ta tashi a kan wanda ya lanƙwasa.

Ana shirin kiran isha'i muka koma BIOS muka bar injin minti goma muna kallon ma'aunin zafi, ya tsaya wuri ɗaya bai yi ta hawa ba, muka mayar da ram kan cikakken gudunta ta hanyar saitin XMP, ya sake tashi lafiya. Na ce masa ya bar tsohon furosesa cikin kwalinsa mako biyu kafin ya kai kasuwa, katina kuma ya riƙe har ƙarshen zangon karatu. Ya rungumi akwatinsa ya fita, ya bar mini notunan murfi biyu a kan tabarma, sai da safe ƙanensa ya zo ya karɓa.